Daga Kano zuwa Chepstow: yadda na bi sawun zuri'ar William Marshal

Ni dai ban tafi Ingila don tarihi ba, barka na je. Matar ƙanina ce ta haihu a garin Reading, Hajiya kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, shi ne aka ce ni in je in wakilce ta in ga jariri. Bizar ma ba ta fito ba sai da yaro ya kusa wata uku. Na tashi daga Kano da asuba a motar haya zuwa Abuja, shingayen jami'an tsaro tun ina ƙirgawa har na daina, wani wajen a ɗaga wa direba hannu ya wuce wani wajen a ce buɗe but. A jakata akwai kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin jego da Hajiya ta sa aka daka, kilishin da na saya kuwa dole na bar shi a Abuja don ƙanina ya yi ta jan kunnena a waya cewa ba a shiga ƙasar da nama. Jirgi awa shida da wani abu. A Heathrow jami'in shige da fice ya tambaye ni wajen wa na zo, kwana nawa zan yi, me nake yi a gida, na ba shi amsa ya buga min hatimi. Muka hau bas kai tsaye zuwa Reading, wanda ashe Redin ake kiransa. Watan Oktoba ne, sanyin da ya tare ni a ƙofar filin jirgi wallahi ko tsakiyar hunturun Kano bai kai shi ba.

Kafin in ci gaba bari in faɗi wani abu game da ni don shi ne ya ja duk abun da ya biyo baya. 'Ya'yana huɗu, duka mata. Ni ban taɓa jin an rage ni da komai ba, amma dangi ba sa bari. Ranar sunan auta wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce min gidan da babu ɗa namiji suna mutuwa yake yi, in yi tunani. Yanzu kuma ga ƙanina ya samu namiji a haihuwar fari, tun kafin in taso ake ta cewa a gabana "to alhamdulillahi an samu mai riƙe sunan gida". Na yi murna da yaron har zuciyata, amma maganar ta bi ni har cikin jirgi.

Kwana uku na farko gida da masallaci ne kawai, sai Oxford Road inda shagunan halal suke. Rana ta huɗu ƙanina ya ce Yaya zo mu taka ka ga kogi. Muka tsallaka gadar Caversham a kan kogin Thames, ga agwagin ruwa farare manya manya, a gefen gadar na ga wani allo da zanen mutum cikin sulke. Na tsaya karantawa. Wai nan Caversham ne wani William Marshal ya rasu ranar 14 ga Mayu 1219, mutumin da ya yi riƙon ƙasar Ingila gaba ɗaya. Ƙanina ya ce shi kullum ta nan yake wucewa bai taɓa tsayawa ba. Na gidan mutumin babu abun da ya rage da za ka nuna, amma da daddare na ɗauki waya na shiga karatu, sai na ci karo da jimla ɗaya da ta hana ni barci: ya bar 'ya'ya maza biyar, duka biyar ɗin sun gaji sarautarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya bar magaji. Washegari na ce wa ƙanina ni fa sai na ga kabarin mutumin nan da gidansa.

Muka fara da Landan. Jirgin ƙasa daga Reading zuwa Paddington bai kai rabin awa ba amma kuɗin tikiti in ka buga shi da naira sai gabanka ya faɗi, lokacin fam ɗaya ya haura dubu biyu. Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Temple. Cocin da aka binne shi ɓoye yake a bayan titin Fleet Street cikin unguwar lauyoyi, sai ka bi wani ɗan lungu kaman lungunan cikin gari, kana shiga hayaniyar motoci ta ɗauke ɗif. Fam biyar biyar muka biya. Ginin zagayayye ne, an buɗe shi a 1185, na wata ƙungiyar mayaƙan Kirista ne da ake kira Templar, waɗanda suka yi yaƙin 'yan salibiyya da Musulmi a ƙasar Sham. Ba zan ɓoye ba na ɗan tsaya a bakin ƙofa ina jin wani iri, don waɗannan su ne mutanen da Salahuddin ya fafata da su kafin ya karɓo Ƙudus a 1187. Na dai shiga da niyyar ganin tarihi.

A tsakar zauren, kwance a ƙasa, ga siffofin mutane na dutse cikin sulke da takubba. Wanda ake cewa na William ne hannunsa na kan takobi, fuskar ta ɗan farfashe saboda bam ɗin Jamusawa da ya ƙona cocin a daren 10 ga Mayu 1941. Kusa da shi aka binne 'ya'yansa biyu, William ƙarami da Gilbert. Wata dattijuwa mai aikin sa kai a wajen ta ga na daɗe a tsaye, ta matso, muka yi hira ta kusan minti ashirin, ita ta jera min labarin yadda ya kamata, sauran na cike da karatu daga baya.

An haife shi wajen 1147. Babansa John Marshal ƙaramin basarake ne, kuma kalmar Marshal ɗin asalinta mai kula da dawakin sarki ne, ina jin haka sai Shamaki ya faɗo min a rai. William shi ne na huɗu a maza, kuma a tsarinsu babban ɗa ne ke kwashe ƙasa da gida gaba ɗaya, ƙannen su nemi hanyarsu. Wannan ya daɗe yana min yawo a kai. Mu a wajenmu in uba ya rasu ko ɗa na goma yana da kasonsa da Allah ya yanka masa, mace ma da nata, su kuwa sun zaɓi kar gona ta rabu ko da ƙani zai tashi hannu biyu. A 1152 lokacin yaƙin basasa, Sarki Stephen ya yi wa gidan baban ƙawanya a Newbury, baban ya nemi a tsagaita ya ba da William jingina yana ɗan shekara biyar, sannan ya saɓa alkawari. Aka aika masa cewa za a rataye yaron. Amsar da aka ruwaito ya bayar ita ce yana da sauran masaba da uwar maƙera da zai ƙera 'ya'yan da suka fi wannan. Ni uba ne, da na ji wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Sarkin ne ma ya ji tausayin yaron ya kasa kashe shi.

Yana wajen shekara 13 aka tura shi Normandy a Faransa gidan wani dangin mahaifiyarsa ya koyi hawan doki da yaƙi, ya zama barde a 1166 ba shi da ko taƙin ƙasa. A 1168 abokan gaba suka yi musu kwanton ɓauna suka kashe kawunsa Patrick na Salisbury a gabansa, shi aka soke shi a cinya aka kama shi, sai Sarauniya Eleanor, matar Sarki Henry na 2, ce ta biya fansarsa. Daga nan tauraronsa ya fara haske. Arziƙinsa na farko a gasar barade ya same shi, kuma kar ku ɗauka irin sukuwar hawan sallah ce, wannan yaƙi ne sosai ƙungiya da ƙungiya a fili, wanda ka kama dokinsa da sulkensa naka ne kuma sai ya fanshi kansa. Shi da wani abokinsa sun taɓa kama barade 103 cikin wata goma. Akwai ranar da aka zo ba shi kyautar gwarzo aka neme shi aka rasa, ashe yana maƙera ya ɗora kansa a kan uwar maƙera ana ƙoƙarin cire masa kwalkwalin da duka ya lanƙwasa a kansa.

Ya yi wa sarakuna biyar aiki in ka haɗa da Henry ƙarami, ɗan Henry na 2 da aka naɗa tun ubansa na raye. Da wannan ubangidan nasa ya rasu a 1183 ya bar masa wasiyyar kai alkyabbarsa Ƙudus, ya kai, ya yi wajen shekara biyu a can, a nan ya yi wa 'yan Templar alkawarin zai mutu a cikinsu, ya kuma sayo yadin siliki ya ajiye don likkafaninsa. A 1189 da Richard, wani ɗan Henry na 2, ya yi wa ubansa tawaye ya biyo shi a guje, William ne ya juyo ya tare shi, yana da damar kashe shi amma ya soke dokin kawai. Ba a daɗe ba tsohon sarki ya mutu Richard ya hau gado, kowa ya zaci kashin William ya bushe, sai sabon sarki ya tabbatar masa da auren da ubansa ya yi masa alkawari. Amaryar ita ce Isabel de Clare, 'yar shekara 17 ko kusa da haka, shi yana da 43. Babanta Richard de Clare da ake wa laƙabi da Strongbow, mahaifiyarta Aoife 'yar sarkin Leinster a Ailan. Ɗan'uwanta namiji ya rasu yana yaro, don haka duk ƙasar ubanta a Wales da Ailan ta dawo kanta. Wato duk wannan daula da ake cewa ta Marshal, ta hannun mace ta shigo. Shi kansa an ruwaito ya taɓa tara mutanensa a Ailan ya nuna ta tana da ciki ya ce musu ba shi da haƙƙin komai a nan sai ta dalilinta.

Mun fito daga cocin yunwa ta kama mu, muka samu shinkafa da kaza a wani shagon 'yan Turkiyya, muka yi azahar da la'asar a masallacin Regent's Park muka koma Reading.

Tafiyar Wales ni kaɗai na yi don ƙanina yana da aiki, matarsa ta soya min kaza da dankali ta cika min filas da shayi mai citta, Allah ya saka mata. Na hau jirgin da ke zuwa Cardiff. Bayan an wuce Bristol sai jirgi ya nutse cikin rami ƙarƙashin kogin Severn, kusan kilomita bakwai cikin duhu, kunnena ya toshe, muna fitowa wai mun shiga Wales ke nan. Babu shinge babu mai tambayarka takarda, abun da kawai ya canza shi ne allunan sun koma harshe biyu. Newport a harshensu Casnewydd ne, Chepstow kuma Cas-gwent, a kan kwalta an rubuta ARAF wato a rage gudu, sanarwar tasha ma da yarensu ake farawa. Abun ya burge ni ƙwarai, mutanen da ba su kai yawan mutanen jihar Kano ba amma sun tsaya sai an rubuta harshensu a kowane allo. A Newport na sauka na canza ƙaramin jirgi, minti ashirin da 'yan kai sai ga Chepstow.

Garin ƙarami ne a kan gangare, kana sauka ƙasa ƙasa ta cikin tsofaffin shaguna har ka iso bakin kogin Wye. Gidan yaƙin da William ya samu ta hannun Isabel yana kan wani dogon dutse da ya miƙe tsaye daga cikin ruwa, ya bi tsawon dutsen kaman jirgin ƙasa. Na fara zuwa kan tsohuwar gadar ƙarfe ta 1816 don daga nan ake ganinsa duka, tsakiyar gadar ita ce iyaka, ƙafa ɗaya a Ingila ɗaya a Wales. Da na iso ruwan ya janye sai taɓo, da zan tafi da yamma ya cika maƙil, ashe teku ce ke turo shi ta janye kullum. Kuɗin shiga kusan fam goma.

An fara ginin a 1067, shekara ɗaya bayan Normawa, mutanen Normandy, sun ci Ingila, babban zauren dutse na wancan zamanin yana nan tsaye ba rufi. Da William ya karɓi gidan a 1189 ya tarar da shi ya tsufa, shi ya gina babbar ƙofar shiga mai hasumiya biyu zagayayyu da wasu katangu da hasumiyoyi a ciki. Amma abun da ya fi tsaya min shi ne ƙyauren ƙofar. Na katako ne, an gwada shekarun icen an gano tun kafin 1190 ko dab da ita aka sare shi, ana cewa shi ne ƙyauren gidan yaƙi mafi tsufa a Turai. An cire shi an kai shi ciki inda ruwa ba zai taɓa shi ba, bayansa katakai ne aka saƙa gicciye, gabansa a da an lulluɓe da ƙarfe. Na tsaya a gabansa sai na tuna tsofaffin ƙyauren ƙofofin Kano da ke Gidan Makama, na tuna ganuwarmu da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara tun wajen ƙarni na 12, wato sa'ar wannan gidan ce. Tasu dutse ce tamu ƙasa, wannan gaskiya ne, amma ba ruwan sama kaɗai ya ci tamu ba, mu da hannunmu muka ɗebe ta muka yi bulo muka yanka filaye a kanta. Raina ya ɓaci sosai a wajen.

Yayyafi ya sauko, na fake a wata kusurwa na ci kazata. Wani dattijo da karensa shi ma ya fake, ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya ce me ya kawo ni nan a wannan sanyi, na ce Marshal. Ya yi murmushi ya ce yawanci masu zuwa labarin yaƙinsa suke so, na ce ni 'ya'yan nake bi. Ya nuna min ɓangaren ɗakunan da ke kallon kogi ya ce to waɗannan ba Marshal ba ne ya gina, Roger Bigod ne, tattaɓa kunnensa ta wajen 'yarsa. A nan na zauna na fito da takardar da na rubuta sunayen.

Ga yadda abun ya kasance. Sarki John, ƙanin Richard da ya gaje shi, ya naɗa William Earl, wato babban basarake, na Pembroke da ke Wales a 1199. Duk da John ya wulaƙanta shi har ya riƙe 'ya'yansa biyu jingina, bai juya masa baya ba, a rikicin Magna Carta na 1215, takardar da manyan ƙasa suka tilasta wa sarki amincewa da ita don rage masa iko, yana gefen sarki alhali babban ɗansa yana cikin 'yan tawaye. John ya mutu a 1216 ya bar ɗa ɗan shekara tara, Henry na 3, ga yariman Faransa ya mamaye Landan, aka ɗora wa tsoho mai shekara kusan 70 riƙon ƙasa. Ranar 20 ga Mayu 1217 shi da kansa ya ja runduna a yaƙin Lincoln, don zumuɗi har sai da aka tuna masa bai sa kwalkwali ba, kuma ya yi nasara. Da ciwo ya kama shi a 1219 aka ɗauko shi a kwalekwale daga Landan zuwa Caversham. Ya aika amintaccensa John na Earley ya ɗauko masa yadin silikin nan da ya ɓoye sama da shekara talatin. Malaman coci suka ce ya mayar da abun da ya ƙwata a gasa, ya ce barade 500 ya kama a rayuwarsa, ta ina zai fara. Abun da ya fi taɓa ni shi ne ya kira 'ya'yansa mata ya ce su rera masa waƙa, babbar Maud ta yi, auta Joan kunya ta kama ta muryarta na rawa, shi da ke kan gadon mutuwa ya gyara mata yadda ake yi. Duk wannan an san shi ne saboda babban ɗansa ya sa an rubuta tarihinsa cikin waƙa da Faransanci, layi sama da 19,000.

Ya mutu yana ganin ya bar gida a kafe, maza biyar mata biyar. William ƙarami ya gaje shi, har ya auri ƙanwar sarki, ya rasu a 1231 ba ɗa. Richard ya hau, ya yi rigima da sarki, aka ji masa rauni a yaƙi a Ailan ya mutu a 1234. Gilbert ya hau, a 1241 a wajen gasa linzami ya tsinke doki ya kayar da shi ya ja shi a ƙasa. Walter ya rasu a Nuwamba 1245. Auta Anselm ko wata ɗaya cikakke bai ƙara ba, ya rasu a Disamba a nan cikin gidan Chepstow tun kafin a gama naɗa shi. Shekara 26 kacal bayan uban, sunan Marshal ya ƙare. Wani marubucin tarihi na zamanin, Matthew Paris, ya ce bakin wani bishop na Ferns a Ailan ne ya kama su, saboda William ya ƙwace wa coci wasu gonaki biyu ya ƙi mayarwa, 'ya'yan ma suka ƙi. Ni dai na san haihuwa da mutuwa na Allah ne, amma na kuma san haƙƙi ba ya kwana, kuma mutumin da duk aka yaba da amana shi ma yana da abun da ya ci na wani.

Sai aka dawo kan matan. A dokarsu in babu namiji mata raba daidai suke yi, a 1247 aka kasa ƙasar kashi biyar, lokacin Maud kaɗai ta rage da rai, sauran 'ya'yansu ne suka karɓa. Sibyl mata bakwai ta bari, nata kason aka sake yanka shi bakwai. Pembroke ta bi ta wajen 'yar Joan zuwa gidan Valence. Maud ta kai wa gidan mijinta Bigod wannan gida na Chepstow tare da sarautar Marshal ɗin kanta. Kuma ku ji inda jinin ya kai. Ta wajen 'yarsa Isabel, mai sunan mahaifiyarta, aka samu Robert Bruce sarkin Sikotilan, tattaɓa kunnenta ne. Ta wajen Eva jinin ya shiga gidan Mortimer, daga nan ya gangara cikin sarakunan Ingila. Sarautar dawakin nan kuwa ta yi ta canza gida har ta zauna a hannun masu sarautar Duke na Norfolk, har yau ana kiranta Earl Marshal, mai riƙe da ita ne ya shirya jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da naɗin Sarki Charles a 2023 da muka kalla a talabijin. Na duba takardata, duk layin da ya fito daga namiji ya tsaya a sunansa, duk wanda ya fito daga mace sai da takardar ta ƙare bai ƙare ba. Na zauna a kan dutse mai sanyi ina tuna fuskokin 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya, idona ya kawo ruwa.

A garin na kwana, a wani ƙaramin masauki saman gidan cin abinci, fam sittin da biyar har da karin safe, ɗakin ƙanƙani amma da ɗumi. Matar gidan da na ce mata ba na cin alade ta soya min ƙwai da wake da burodi a kasko daban ba tare da na roƙa ba. Alƙibla da waya na nemo.

Da safe na hau bas mai lamba 69 zuwa Tintern, tafiyar kusan minti ashirin ta cikin daji, ganyaye duk sun koma ja da ruwan ɗorawa, hanya tana murɗawa a gefen kogi. Tintern tsohon gidan 'yan zuhudun Kirista ne da aka kafa a 1131, Sarki Henry na 8 ya rufe shi a 1536 aka kwashe dalmar rufin, yanzu bangaye ne dogaye da tagogi ba gilashi, ciyawa ce shimfiɗar ƙasa, wani ɓangaren an kewaye da ƙarafan gyara. Nan aka binne Isabel matar William, wadda shekara ɗaya kawai ta ƙara bayan mijinta ta rasu a 1220, nan aka binne Walter da Anselm, nan aka kawo Maud a 1248. Babban cocin da ake gani ma da kuɗin Roger Bigod aka ƙarasa shi. Na zaga ko'ina ban ga kabari da sunan Isabel ba. Mijin yana Landan cikin dutse ana biyan kuɗi a gan shi, matar da ta kawo ƙasar ta haifi goman tana wani waje ƙarƙashin ciyawar da nake takawa. Sai na tuna salsalar gidanmu da marigayi Baba ya rubuta da ajami a bayan wani littafi, maza zalla har kaka na bakwai, wane ɗan wane ɗan wane, ko mace ɗaya babu a ciki, har mahaifiyarsa da ta sayar da awakinta ta kai shi makaranta.

Bas ɗin komawa ya yi latti na tsaya cikin yayyafi sama da rabin awa, jirgin Newport ya wuce ni, sai bayan isha'i na shiga Reading da mura. Sauran kwanakin jego ne da ziyarar 'yan uwa Hausawa da ke zaune a can, sai sayen tsaraba, na ɗauki yaron na yi masa addu'a na dawo ta Abuja.

Kwana biyu da dawowa na sayi sabon littafi mai bango a kasuwar Sabon Gari na tafi wajen gwaggon nan tawa, don ita ce babbar da ta rage a dangin Baba. Na ce Gwaggo so nake ki faɗa min sunayen matan gidanmu, iyaye da kakanni da wa suka aura da ina aka kai su. Ta dube ni ta ce me za ka yi da su, na ce rubutawa zan yi. Ta yi shiru, can ta fara da mahaifiyarta. Babbar 'yata ce ke riƙe da biro don rubutunta ya fi nawa kyau. Ranar mun samu goma sha ɗaya, Gwaggo ta ce mu dawo Juma'a bayan la'asar, akwai na ɗakin kakarmu ta Bichi da ba ta gama tunowa ba.